Mai Ɗaki Ya San Inda Yake Yoyo

Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa, a cikin birnin Kano ne ko Zariya ko Katsina ko Damagaram, ya san aikin da ake yi idan bazara ta zo ƙarshe, hadari ya fara haɗowa daga gabas. Maigida zai sa a jingina tsani, shi da magini su hau kan soro. A kwashe ƙura da ganyen da suka toshe indararo, a bi rufin taki-taki ana neman inda ya tsage, a kwaɓa ƙasa a cike, a bi da makuba ko laso don ruwa ya zame ya wuce. Ba wanda yake jin kunyar wannan aiki. Maƙwabci ba ya leƙowa ya ce, "Ashe gidan wane ma yana tsagewa?" domin nasa ma jiya aka gyara. Ginin ƙasa ya gaji haka: rana ta gasa shi, ruwa ya dake shi, dole ya tsage. Gidan Rumfa ya haura shekara 500 a tsaye. Babban masallacin Agadas tun 1515 aka kafa shi. A Jenne ta ƙasar Mali kuwa, kowace shekara gari ke fitowa ƙwai da kwarkwata a yi bikin yaɓe masallaci. Waɗannan gine-gine duk suna tsagewa kamar ɗakin kowa. Abin da ya raya su shi ne masu su ba sa musun tsagar.

Amma akwai wani irin maigida. Damina ta kankama, da tsakar dare ruwa ya fara ɗiga a kan gado, sai ya ce a kawo kwano a tara. Gobe ɗigar ta ƙaru, a kawo roba, a ja gado gefe, a ɗage buhun hatsi. In uwargida ta yi magana ya ce ruwan bana ne ya yi yawa, ko ya ce maginin da ya yi rufin tun zamanin mahaifinsa ne ya yi ha'inci, ko ma ya ce ita ce mai neman magana, ɗigar nawa take? Tsani yana nan jingine a bayan ɗaki, ƙasa tana nan kyauta a ƙofar gida, aikin bai wuce na hantsi guda ba, amma ba zai hau ba. Wannan maigidan shi ne mutumin da ba ya iya buɗe baki ya ce, "Na yi kuskure, ban kyauta maka ba."

Kowa ya san irinsa, in ba a gidansu ba to a maƙwabta. Mijin da ya tsinka matarsa a gaban baƙi, da daddare ya shigo da ƙunshin tsire ya ajiye mata bai ce uffan ba. Uban da ya zane yaro saboda kuɗin da suka ɓace, bayan la'asar aka tsince su a aljihun wata rigarsa, duk abin da ya iya furtawa shi ne, "Kai, ka ci abinci kuwa?" Uwar miji da ta zargi surukarta da ɗauke ɗankunne, da ya fito daga ƙarƙashin katifa sai ta ce, "To ai da ma ban kama suna ba." Shugaban ofis da ya ba da umarni da baki, da abin ya kwaɓe ya ce ƙaramin ma'aikaci ne bai fahimta ba. In ka tambayi mutane me ke damun waɗannan, za su ce girman kai ne, su ƙara da cewa girman kai rawanin tsiya. Gaskiya ne, sai dai sunan ciwon kawai suka faɗa. Ba su gaya mana abin da ya sa mutum mai hankali, mai salla, mai kyauta, wanda zai iya kayar wa baƙo da rago, yake kasa amsa laifi guda ba.

Abu na farko da ya kamata a gane shi ne, yawanci ya sani. Tsiren da ya sayo shi ne shaida, domin ba a tara kwano inda ba a ji ɗiga ba. Mai ɗaki ya san inda yake masa yoyo. Sai dai zuciya tana da dabarar rufe wa mai ita ido. A 1957 wani Ba'amurke masanin halayyar ɗan Adam, Leon Festinger, ya yi bayanin da har yau ake karantarwa a jami'o'i: mutum ba ya iya riƙe zance biyu masu karo da juna a ransa ba tare da ya takura ba. Ga "ni mutumin kirki ne" a gefe guda, ga "na zalunci wance" a ɗaya gefen. Dole ɗaya ya matsa. Sauya ra'ayin da kake da shi a kan kanka yana da tsada, sauya labarin abin da ya faru kuwa araha ne. Shi ya sa kafin gari ya waye labarin ya koma "ita ta ja."

Festinger da abokin aikinsa James Carlsmith sun gwada wannan a Jami'ar Stanford, suka wallafa sakamakon a 1959. Sun sa ɗalibai wani aiki mai gundura, sannan suka roƙi kowanne ya gaya wa na bayansa cewa aikin yana da daɗi. Wasu aka ba su dala 20, wasu dala 1. Da aka tambaye su daga baya yadda suka ji aikin a zahiri, waɗanda aka ba dala 1 su ne suka fi cewa ya yi musu daɗi. Mai dala 20 yana da uzuri, ya san kuɗi ne ya sa shi ƙarya. Mai dala 1 ba shi da abin da zai kare kansa da shi, sai zuciyarsa ta lallashe shi cewa ai ba ƙarya ya yi ba. To haka mai laifi yake. Sau da yawa idan ya rantse maka bai yi komai ba, kansa ya fara yaudara kafin ya iso gare ka.

Roy Baumeister da abokan aikinsa sun ƙara haske a 1990. Sun sa mutane su rubuta labari biyu: ranar da suka ɓata wa wani rai, da ranar da wani ya ɓata musu. A labarin da su ne masu laifi, akwai dalili, akwai matsi, abin ya wuce tuntuni, ɗayan ne ma ya zafafa. A labarin da su aka ɓata wa, babu wani dalili mai kamawa, kuma har yanzu abin yana ci musu rai. Mutanen nan guda ne, alƙalami guda. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Wanda yake kwance a busasshen gefen gado ba ya ƙirga ɗiga yadda wanda take sauka a goshinsa yake ƙirgawa.

To amma ko da ya yarda a ransa cewa rufin yana zuba, me ya hana shi hawa? A nan zancen yake. Tsoron da yake ji bai tsaya ga tsagar ba, azara yake tsoro. Yana jin cewa in ya taka rufin nan zai tarar itatuwan da ke riƙe da shi duk sun ruɓe, ya rufta da shi a gaban iyali da maƙwabta. Helen Block Lewis, wata masaniya da ta daɗe tana sauraren masu damuwar rai, ta rarrabe ciwo biyu a littafinta na 1971, daga baya June Tangney ta shafe shekaru tana auna su. Na farko nadama ce a kan aiki: "Abin da na yi ba shi da kyau." Na biyu jin muzanta ne a kan kai gaba ɗaya: "Ni ne ba ni da kyau." Wannan na biyun dabam yake da kunyar da iyaye suke koya mana, ta kara da kawaici da ganin girman na gaba. Wannan ji ne na cewa in aka gan ka yadda kake, ka ƙare. Abin da Tangney ta yi ta gani shi ne, nadama tana tura mutum ya gyara, ya tausaya wa wanda ya ɓata wa. Jin muzanta kuwa yana tura shi ya ɓuya, ya musa, ya fusata, ya ɗora wa wani.

Mai nadama yana ganin tsaga ce a yaɓe, cokalin magini biyu sun ishe ta. Mai jin muzanta yana ganin kowace tsaga hukunci ce a kan ginin duka. In ka ce masa, "Maganar da ka yi jiya ta yi mini zafi," abin da kunnensa yake ji shi ne, "Kai ba mutum ba ne." Shi ya sa martaninsa yake fin ƙarfin maganar, kai kana zancen ɗiga, shi yana kare gida daga rushewa. Kuma sau da yawa gidan da ya fi kowanne zane a fuska da dogayen zankwaye, mai shi ne ya fi kowa fargabar a hau kansa. Mutumin da kullum shi ne mai gaskiya, wanda ba a taɓa kayar da shi a musu ba, wanda muryarsa ta fi ta kowa a majalisa, muna ɗaukarsa mai ƙarfin zuciya. A duba da kyau. Wanda ya amince da azararsa ba ya fushi don an nuna masa tsaga.

Wannan tsoro ba daga sama yake faɗowa ba, a gida ake dasa shi. Akwai gidan da yaro in ya fasa tangaran ya zo ya faɗa da bakinsa, dukan da zai sha ya fi na wanda ya ɓoye ya ce kyanwa ce. Akwai gidan da kuskure yake zama suna: "sakarai," "dolo," "ba za ka taɓa yin hankali ba." Akwai ajin da amsa ba daidai ba take jawo bulala da dariyar 'yan aji. A 2011 Victoria Talwar da Kang Lee sun wallafa wani bincike da suka yi a makarantu biyu na wata ƙasa a nan Afirka ta Yamma, ɗaya ana duka, ɗaya ba a yi. Aka bar yara 'yan shekara 3 da 4 su kaɗai da abin wasa a bayansu, aka ce kada su waiwaya. Yawancinsu sun waiwaya, a makarantun biyu. Da aka tambaye su, a makarantar da ake duka kusan duk waɗanda suka leƙa sun musa, kuma sun fi iya kare ƙaryar. A ɗayar kuwa kimanin rabi ne suka musa. Yaron da ya koyi cewa amsa laifi shi ne mafarin azaba zai girma, ya yi gemu, ya yi iyali, darasin yana nan. Karina Schumann da Carol Dweck sun nuna a 2014 cewa waɗanda suka yarda hali yana gyaruwa sun fi saurin amsa laifinsu. Wanda aka cusa masa cewa hali zanen dutse ne, yaya zai yarda a ga mummunan zane a jikinsa?

Akwai kuma wata gaskiya da ba a son faɗa: ƙin ba da haƙuri yana da daɗi. A 2013 Tyler Okimoto da abokan aikinsa a Ostireliya sun gano cewa mutanen da suka ƙi neman afuwa da gangan sun ji ƙimarsu ta ƙaru a idon kansu, sun ji su ke riƙe da akala. Wanda ya tsaya a ƙasa yana ba da umarni a kawo kwano, babbar rigarsa ba ta taɓa laka. Neman afuwa kuwa miƙa wuya ne, ka ba ɗayan dama ya yafe ko ya ƙi, ya yi shiru ko ya amayar da abin da ke cikinsa, kai kuma kana tsaye kana jira. A wajenmu matsayi yana ƙara wa abin nauyi. "Ni zan ba ɗan cikina haƙuri?" "In ka saba ba mace haƙuri, raini ka saya." "Babba ba ya laifi." Ana faɗar waɗannan a majalisa ana gyaɗa kai. Abin lura, da Schumann da Michael Ross suka bi diddigin maza da mata a Kanada a 2010, sun tarar mata sun fi yawan ba da haƙuri, amma in namiji ya yarda abu laifi ne, yana neman afuwa daidai gwargwadon mace. Bambancin yana wajen abin da kowa yake ƙirgawa a laifi. Abin da ita take kira yoyo, shi danshi yake gani.

Al'adarmu ta san wannan nauyi, shi ya sa ta tanadi hanyoyi. Mace ta yi yaji, a tura kawu ko aminin miji biko. 'Yan'uwa sun saɓa, dattijon unguwa ya tara su a zaure. Waɗannan tsani ne mai kyau, an yi su don mai jin nauyi ya samu abin takawa. Matsalar ita ce yadda muke mayar da tsanin ya zama wani kwanon. A je biko, a gaisa, a ce, "A yi haƙuri, zaman aure ɗan haƙuri ne, tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa," uba ya ce wa 'yarsa ta ɗauko mayafinta, a tashi ba wanda ya ambaci abin da ya fitar da ita. Mijin ma bai zo ba, balle ya buɗe baki. An mayar da gado inda yake, rufi yana nan yadda yake, damina kuma ba ta fasa zuwa.

Kwanukan tara ruwa kala-kala ne, kuma duk mun san ƙararsu. "In na ɓata maka rai, ka yi haƙuri." "Sharrin Shaiɗan ne." "Na yi ba daidai ba, amma ke ma ai kin san halina." "To na ce ka yi haƙuri, me kuma kake so, in kwanta ka taka ni?" Sai na zamani, saƙon WhatsApp da ake watsa wa kowa da kowa a jajibirin azumi ko ranar tafiya aikin Hajji: "Duk wanda na yi wa laifi ya yafe mini." Mutumin da aka cinye wa gona yana cikin waɗanda saƙon ya isa gare su, gonar kuma tana nan a hannun mai saƙon. Mafi muni shi ne wanda Jennifer Freyd ta bayyana a 1997: mai laifi ya musa, ya far wa mai ƙorafi, sannan ya juya zancen ya zama shi aka zalunta. Matar da ta ce katifa ta jiƙe ita za ta kwana tana ba da haƙurin ta tashe shi daga barci.

Roy Lewicki na Jami'ar Jihar Ohio da abokan aikinsa sun gwada sassa 6 na neman afuwa a kan mutum 755, suka wallafa a 2016. Wanda ya fi kowanne tasiri shi ne amsa laifi ƙarara: ni na yi, kuskurena ne. Na biye da shi tayin gyara ɓarnar. Wanda ya zo ƙarshe shi ne roƙon a yafe. Mu kuwa mun kifa tsarin, "ka yafe mini" muke sawa gaba, mu tsallake sauran. Malamanmu sun riga Lewicki da ƙarnoni. Imam Nawawi a Riyadus Salihin ya jera sharuɗɗan tuba: barin laifin, nadama, da ƙudurin ba za a koma ba, in kuma haƙƙin wani ne sai an ƙara na huɗu, a mayar masa da abinsa ko a nemi ya warware. A Suratul A'araf an ajiye mana misali biyu kusa da juna. Annabi Adamu da Hauwa'u sun saɓa, suka amsa cewa kansu suka zalunta. Iblis ya saɓa, ya kawo hujja cewa shi wuta ne Adamu kuwa yumɓu, ya kuma jingina ɓatansa ga Ubangijinsa. Wanda aka yi da ƙasa ya yarda yana tsagewa, aka gyara shi. Wanda ya ga ya fi ƙarfin tsaga ya tafi da tsagarsa.

Labarin Ka'abu bin Malik ya nuna cewa hawan ba wasa ba ne. Bayan Yaƙin Tabuka a shekara ta 9 bayan Hijira, sama da mutum 80 da suka ƙi fita sun zo da uzurori, aka karɓi zahirinsu suka tafi gida. Ka'abu mai fasahar magana ne, da ya so da ya tsara nasa. Sai ya ce shi ba shi da wani uzuri. Shi da Murara bin Rabi'u da Hilalu bin Umayya aka ƙaurace musu kwana 50, ba mai yi musu magana. Masu uzuri sun sha daɗin yini, su kuma suka sha ɗacin kwana 50, amma su ukun ne aka saukar da karɓar tubarsu a Suratut Tauba.

Adalci ne a ce ba duk mai ƙin hawa ne matsoraci ba. Schumann ta taƙaita dalilan a 2018 zuwa uku, tsoron zubewar ƙima ɗaya ne kawai daga ciki. Akwai wanda bai damu da kai ko da zaman ba. Wannan ɗan haya ne, in ɗakin ya lalace ya kwashe kayansa ya nemi wani. Wanda yake zaune da irinsa ya daina azabtar da kansa da jiran haƙurin da ba zai zo ba, ya nemi haƙƙinsa ta hanyar manya ko hukuma. Akwai kuma wanda ya yanke ƙauna, yana ganin ko ya nemi afuwa ba za a karɓa ba. A nan mu da aka ɓata wa muna da namu kason. Sau nawa mutum ya daure ya ce ya yi kuskure, muka amsa da "Ai da ma na faɗa," muka kwance masa jakar laifuffukan shekara goma, muka mayar da haƙurin nasa abin gori a gaban mutane? Wanda aka girgiza wa tsani yana sama, ba zai sake hawa ba.

Abin da mai tsoron bai sani ba shi ne, hawan bai kai yadda yake zato zafi ba. Joost Leunissen da abokan aikinsa a Holan sun nuna a 2014 cewa mutane suna ƙiyasta ɗacin neman afuwa fiye da yadda suke jin sa idan sun yi. Likitoci a Amurka sun daɗe suna tsoron cewa amsa kuskure gayyatar ƙara ce. A 2001 asibitocin Jami'ar Michigan suka ɗauki tsarin gaya wa majinyaci gaskiya in an yi kuskure, a ba shi haƙuri, a yi masa tayin diyya. Binciken da aka wallafa a 2010 ya nuna ƙararraki sun ragu, kuɗin shari'a ya ragu, ana kuma sasantawa da wuri. Ranar 7 ga Disamba 1970 shugaban gwamnatin Jamus ta Yamma, Willy Brandt, ya durƙusa a gaban dutsen tunawa da Yahudawan da 'yan Nazi suka hallaka a birnin Warsaw. Shi kansa gudun hijira ya yi daga mulkin Hitler, hannunsa ba jini. A ƙuri'ar jin ra'ayi da mujallar Der Spiegel ta buga, kashi 48 cikin ɗari na mutanen ƙasarsa sun ce ya wuce gona da iri, kashi 41 suka ce daidai ne. A 1971 aka ba shi kyautar Nobel ta zaman lafiya, yau kuma durƙuson nan ne aka fi tuna shi da shi. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

Ga inda abin takaicin yake. Azarar giginya itace ne mai taurin gaske, gara ma ba ta cin ta da sauƙi. Yawancin masu tsoron nan azararsu lafiya take, mutanen kirki ne da suka yi abin da bai dace ba, kamar kowa. Abin da yake ruɓar da azara shi ne ruwan da aka bari yana tsiyaya a kanta damina bayan damina. Abin da mai tsoron yake gudu, ƙin hawan ne yake kawo shi. Matar da ta daina ƙorafi ba bushewa ɗakin ya yi ba, ta cire rai ne. 'Ya'yan da suke gaishe shi a durƙushe suna tashi da sauri, sun koyi inda ba ya ɗiga sun koma can. 'Yan'uwan da suka saɓa a kan rabon gado, har 'ya'yansu sun girma ba su san juna ba. Idan ɗaki ya faɗi a tsakiyar Agusta mutane sukan ce ruwan daren jiya ne, kamar yadda ake cewa aure ya mutu a kan gishirin miya. Magini ya san ruwan shekaru ne.

Mai karatu, tun da ka fara karanta wannan akwai fuskar da take zo maka, ta wanda ya ɓata maka bai taɓa amsawa ba. Ka ajiye ta tukuna, ka nemo ɗayar, ta wanda yake jiran naka. Ka same shi shi kaɗai, ba ta saƙo ba, ba ta bakin ɗan aike ba. Ka ambaci abin da ka yi da sunansa. Kada ka sa "in," kada ka sa "amma." Ka tambaye shi abin da zai gyara, in kuɗi ne ka biya, in a gaban mutane ka tozarta shi ka wanke shi a gabansu. In ya yi fushi ka saurara, in bai yafe yau ba kada ka tilasta masa, yafiya tasa ce. In kai uba ne ko uwa, ka bari ɗanka ya ji ka ce masa ba ka kyauta ba, domin daga bakinka zai koya, kuma ranar da ya zo ya amsa laifi da kansa ka sassauta masa. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Manzon Allah (SAW) ya hori duk wanda yake riƙe da haƙƙin ɗan'uwansa, na mutunci ko na dukiya, ya nemi warwarewa tun yau, kafin ranar da kuɗi ba sa biyan bashi sai dai a biya da lada. Wanda kake jin nauyin tunkara yana raye, kai ma kana raye. Ka je yau.